Wasiƙa ga ɗana kan yawon hutunsa a Turai

Assalamu alaikum, Abba.

Da fatan kana lafiya, kuma karatu yana tafiya yadda ake so. Mu nan duk lafiya lau, alhamdu lillahi. Mahaifiyarka ta nuna mini biranen da ka shirya zagawa idan an ba ku hutu: Paris, Amsterdam, Rum, Basalona, Madrid da Giranada, duk a kwana takwas. Na ji daɗi da ka yi niyyar fita ka ga ƙasar Allah, amma tsarin bai kwanta mini ba. Rabin kwanakin za su ƙare a filin jirgi da jan akwati da neman masauki, ka dawo waya cike da hotuna alhali ba inda ka sani. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Ka bar Paris da Rum da sauran zuwa wani hutun, ba inda za su je. Ka tsaya a Sifaniya kaɗai, ka bi layin dogo daga Madrid zuwa kudu, ƙasar da malamanmu ke kira Andalus. Jirgin ƙasa mai gudu yana kai mutum Kordoba daga tashar Atocha cikin awa biyu ko ƙasa da haka, ya sauke shi a cikin gari.

Madrid kwana biyu ya ishe ka. Ka shiga gidan zane-zane na Prado, wanda akan buɗe kyauta a awa biyun ƙarshe na yini, sai dai layin yana da tsawo. Kusa da fadar sarki akwai ragowar wata ganuwa da mutane da yawa ke wucewa ba su lura ba. Sarkin Kordoba Muhammadu na ɗaya ne ya kafa sansani a wurin a ƙarni na 9, daga nan garin ya samo asali. In Juma'a ta riske ka a can, akwai babban masallaci a gefen titin M-30 da aka buɗe a 1992.

Kordoba ce nake so ka ba wa zuciyarka. Sarki Abdurrahman na ɗaya ya fara gina babban masallacinta wajen 785, waɗanda suka gaje shi suka yi ta faɗaɗa shi kusan shekara ɗari biyu. Ka je da sassafe kafin ayarin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin. Za ka ratsa farfajiyar itatuwan lemo, ka shiga ciki idonka ya ɗan jima kafin ya saba da duhu, sai ka ga ginshiƙai sama da 850, kowane biyu ɗauke da baka a kan baka, ja da fari, har iyakar ganinka. Ka bi a hankali zuwa mihrabin da Halifa Alhakam na biyu ya gina bayan 961. Ka matsa iyakar inda aka yarda, ka dubi ƙananan gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya da aka jera ɗaya bayan ɗaya suka zama ayoyi. Masu sana'ar daga Kustantiniya aka kawo su. Tun 1236 da Kiristoci suka ci garin ginin ya zama coci, a ƙarni na 16 kuma aka gina majami'a a tsakiyarsa. Ba a yarda a yi salla a ciki ba, masu gadi suna hanawa. Na san ranka zai sosu, amma kada ka ja da kowa. Baƙo ne kai, ka girmama masu ibadarsu. Ka tuna kawai cewa Muwaɗɗar da ka ji ana karantawa a zauren kakanka ruwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce, mutumin wannan gari, kuma a nan aka haifi babban malami Ibn Rushdi a 1126.

A rana ta biyu ka shiga mota zuwa Madinatuz Zahra, kilomita takwas yamma da gari. Abdurrahman na uku ya fara gina ta wajen 936 don ta zama fadar halifanci, ba ta cika shekara tamanin ba aka wawashe ta a yaƙin da Musulmin suka yi a tsakaninsu. Ba a buɗe ta ranar Litinin.

Batun Giranada, abin da za ka fara yi, tun yau, shi ne sayen tikitin Alhambra, fadar sarakunan Musulmi na garin, a shafinsu na intanet, domin yakan ƙare makonni kafin ranar. Da sunanka ake buga shi, sai ka nuna fasfo a ƙofa, kuma an yanka maka lokacin shiga fadojin Banu Nasar, gidan sarautar Musulmi na ƙarshe a garin. In ka makara, ka rasa. A ciki kada ka yi ta gaggawar zuwa farfajiyar zakoki goma sha biyu da kowa ke ɗauka hoto. Ka karanta bango, tunda Allah ya ba ka Larabci. Kalma ɗaya ce ake ta maimaitawa a jikin farar ƙasa da tayil, "wa la galiba illallah", wato babu mai rinjaye sai Allah, taken gidan sarautar da ya miƙa garin ga Kiristoci a Janairun 1492. Da yamma ka hau unguwar Albaisin, inda akwai masallacin da aka buɗe a 2003 yana fuskantar fadar, ka yi magariba a can. Garin yana da alaƙa da yankinmu: Abu Ishaƙ Assahili, mawaƙin da ya haɗu da Mansa Musa a hajjin 1324 ya biyo shi Mali, ɗan Giranada ne, a Tambutu ya rasu.

Daga nan sai birnin Sebiya, kwana ɗaya da rabi. Ka hau Giralda, hasumiyar tsohon masallacin daular Muwahhidai da aka gama a 1198, wadda ake hawa ta gangare maimakon matakala, ka leƙa fadar Alkazar, daga nan ka kama jirginka ka koma makaranta.

In hutun ya faɗo a Yuli ko Agusta, zafin Kordoba da Sebiya yana haura digiri 40, ka yi yawonka da safe da bayan la'asar. Naman alade ya yi yawa a abincinsu, har kitsensa suna sawa a wasu kayan zaƙi, don haka ka tambaya kafin ka ci. Kifi da ƙwai da zaitun ba sa wuya, kuma akwai gidajen abincin 'yan Maroko a Giranada. Ka raba kuɗinka gida biyu, fasfo a aljihun ciki, saboda 'yan sane a tasha da cikin cunkoso. Lambar neman agaji 112 ce. Kai matafiyi ne, ba inda za ka yi kwana huɗu, saboda haka ka yi ƙasaru, amma kada ka bari lokaci ya fita don kallon gini.

Na tura maka ɗan abin da za ka ƙara a kuɗin jirgin ƙasa, ka sayi tikitin da wuri ya fi sauƙi. Duk garin da ka sauka ka kira mahaifiyarka, ka san ba ta barci sai ta ji muryarka. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.