Mu tura ta Katsina bana, ko ta koma lise?

Assalamu alaikum Hajiya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da iyali da abokan aikinki na gidan rediyo. Na daɗe ina sauraron shirinki, kuma na ga yadda Allah yake warware wa mutane matsaloli ta bakinki. Ina roƙon ki sakaya sunana idan za ki karanta wannan wasiƙa, domin maigidana da danginsa duk suna sauraro, ba na so a ɗauka ƙararsa na kawo. Shawara nake nema a kan karatun ɗiyata.

Ni malamar firamare ce a nan Maradi. Yarinyar ita ce 'yar farina, shekarunta 16. Bara ta ci jarrabawar BEPC, ta kammala kwaleji wato ƙaramar sakandare, da sakamako mai kyau, kuma tun shigarta kwaleji ba ta taɓa fita daga sahun gaba ba, musamman a lissafi da kimiyya. Burinta ta zama likita. Da an bi hanyar da kowa ke bi, da tun watan Oktoban da ya wuce tana lise, wato babbar sakandare, ta yi shekara 3 a ɓangaren kimiyya, ta zana BAC, jarrabawar kammala lise, sannan ta nemi karatun likita a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke nan garin, ko a ta Abdou Moumouni a Yamai.

Mahaifinta ya ga ba haka ba. Ɗan kasuwa ne, kullum yana kan hanyar Kano, yana saro yadi a Kantin Kwari. Ya ce duk inda ya sa gaba da Ingilishi ake tarbarsa, takardar kaya, takardar banki, saƙon masu kamfani, sai ya nemi wani yaro ya karanta masa, kuma ya tafi zuciyarsa ba ta natsu da abin da aka faɗa masa ba. Abin ya daɗe yana ci masa rai. Da aka fitar da kundin sake gina ƙasa a watan Maris na 2025, aka ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, sai ya ce to ga shi nan, hukuma ma ta gane inda duniya ta dosa. Shi ne ya yanke cewa yarinyar za ta yi babbar sakandare a Najeriya, a wata makarantar kwana mai zaman kanta a Katsina, inda ƙanensa yake zaune da iyalinsa. Daga nan ta zana WAEC, jarrabawar kammala sakandare, ta yi JAMB, ta neman gurbin jami'a, ta shiga jami'a can. In na nuna damuwa sai ya ce Katsina ai gida ce, daga can kakanninmu suka taso suka zauna Maradi, sarkinmu har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, kuma tafiyar ba ta wuce kilomita 100 ba.

Wallahi Hajiya ban ga laifin niyyarsa ba. Maza nawa ne a garin nan da ɗiyarsu ta kai waɗannan shekaru za su ce karatu ya isa haka, a fara zancen ɗaki? Shi kuwa daga jarinsa yake cirewa ya biya mata. Wannan ne ma ya sa maganar ta yi mini nauyi a baki.

To, ba a sa ta lise ba. Aka ce ta ba da wannan shekara gaba ɗaya ga Ingilishi. Da safe tana zuwa wata cibiyar koyon harshe, bayan la'asar kuma wani mushe, wato malami, da ya yi karatunsa a Najeriya yana zuwa gida, su zauna a barandar tsakar gida ita da ƙanenta. Kin san yadda Ingilishin kwalejinmu yake: ana fara shi daga ajin farko, awoyi kaɗan a mako, a aji mai cunkoso, kuma da Faransanci ake bayaninsa. Yaro zai haddace jerin aikatau ya ci jarrabawa, amma bai taɓa yin hirar minti biyar da shi ba. A cikin watannin nan ta ci gaba sosai a rubutu. In aka ba ta labari ta karanta ta amsa tambayoyi, mushen da kansa yana yaba mata. Amma baki ya ƙi buɗewa. Ranar nan ɗiyar baffanta ta kira daga Katsina, ta ce bari ta gwada ta, ta dinga zuba mata Ingilishi a waya. Yarinyar nan ta fara amsawa, kalma biyu uku, sai aka ji dariya ta tashi daga can ɓangaren, ana cewa wannan ai Ingilishin Faransa ne. Na san wasa suke yi, ba mugunta ba. Amma na ga yadda ta miƙa wa ƙanenta wayar a hankali, ta tattara littattafanta ta shige ɗaki, ranar ko tuwon dare ba ta ci ba.

Abin da ya tayar mini da hankali sosai shi ne jarrabawar shiga da baffanta ya kai ta. Da ta dawo na sa ta zayyana mini tambayoyin lissafin da ta iya tunawa. Hajiya, abubuwa ne da ta gama da su tun a kwaleji. Sai dai an rubuta su cikin dogayen jimloli, kafin ta gane abin da ake nema lokaci ya tafi. Waɗanda ta yi ma an soke mata wasu, saboda mu waƙafi muke sawa tsakanin cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, su kuwa ɗigo suke sawa, kuma yadda muke jera lissafin rabawa a takarda daban yake da nasu. Yarinyar da ta saba kawo 17 ko 18 bisa 20 ta dawo da makin da ko rabin 100 bai kai ba. Makarantar ta ba da zaɓi biyu: ko a mayar da ita JSS3, ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, ko a karɓe ta a SS1, ajin farko na babbar sakandare, bisa sharaɗin in zangon farko bai yi kyau ba a sauko da ita. In aka bi na farko, ranar da ƙawayenta za su zana BAC ita tana ƙarshen SS1, shekara 2 ke nan sun ba ta. In aka bi na biyu, za ta shiga aji ne da tsoro a ranta tun ranar farko.

A nan ne aikina yake hana ni barci. Duk shekara ina ganin yara suna shigowa ajin farko na firamare da Hausa zalla a bakinsu, a tarbe su da Faransanci. Na san yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda in an tashi tara shi ke tsara wa 'yan uwansa wasa, amma da an koma aji sai ya zama kurma, a yi ta kiransa daƙiƙi alhali harshe ne ya tare masa hanya. Wasu suna haurewa bayan shekaru, wasu kuwa daga nan suke tsanar makaranta har su bari. Kuma na lura harshen gaisuwa da ciniki ba ya wuyar kamawa, amma harshen da ake fahimtar darasin kimiyya da shi, a rubuta amsa da shi cikin ƙayyadadden lokaci, wannan shekaru yake ci. Ɗiyata ta riga ta sha wannan wahala sau ɗaya. Shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji, har Faransanci ya zame mata harshen da take tunanin lissafi da shi. Yanzu da ta fara cin moriyarsa ake so ta ajiye ta ɗauki wani, a daidai shekarun da karatu ya fi tsauri.

Kuma abin da ke jiranta can ba ƙarami ba ne. Kafin jami'a ta dube ta sai ta samu kiredit a darussa 5 a WAEC ko takwararta NECO, dole da Ingilishi da lissafi a ciki, ga fizik da kimiyyar sinadarai da ta halittu tunda likita take so. Sannan JAMB, darussa 4 a kan kwamfuta, Ingilishi na dole, kuma karatun likita maki mai yawa yake nema. Da yaran da suka fara Ingilishi tun suna rabin aji za ta yi takara. Su kansu ba a rasa waɗanda takardar Ingilishin take riƙewa sai sun sake zama. Tsorona kada ta bar BAC ɗin da yake kusan a hannunta, ta je can WAEC ta gagara, a tashi biyu-babu.

Akwai kuma abin da mahaifinta yake gani sauƙi ne, ni kuwa nake ganin matsala. A Katsina Hausa ake yi a kasuwa, Hausa a gidan baffanta, kuma na tabbata in malamai sun juya baya Hausa ce a ɗakin kwana. Yarinya mai kunyar a yi mata dariya, in ta samu mafaka a harshenta, yaushe za ta buɗe baki ta yi Ingilishin? Wata abokiyar aikina ta ce in don harshen ne gara Ghana, tunda 'yan Nijar da dama can suke zuwa koyo. Amma Akara ta yi nisa, kuɗin ya fi ƙarfinmu, ba mu da kowa can, kuma ko can ɗin in ta faɗa unguwa irin Nima Hausar za ta tarar. Wannan kam ni da shi bakinmu ɗaya, ba za mu iya ba.

Sai zancen hanya. Kowa a Maradi ya san yadda aka rufe iyaka daga watan Agusta na 2019 har Disamba na 2020, aka sake rufewa bayan Yulin 2023 sai a Maris na 2024 aka buɗe. Mun ga yadda mutane suka riƙa bin daji a kan babur tsakanin Dan Issa da Jibiya. In haka ta sake faruwa tana can, ko ciwo ya kama ta, ta ina zan bi? Kuma ba uwar da ta manta da ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe daga makarantar kwana a Disamba na 2020, ko 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021. Ba ina cewa mu nan lafiya lau muke ba, mutanen yankin Madarunfa sun san abin da suke gani. Amma ɗa a gabanka daban ne da ɗa a bayan iyaka.

Ita yarinyar ba ta taɓa yi wa mahaifinta musu ba. In ya tambaye ta sai ta sunkuyar da kai ta ce, “Duk yadda ka ce, Baba.” Shi kuma ya ɗauka ta yarda. Wani dare na fito alwala na ga haske a ɗakinsu, na leƙa, sai na tarar da ita da fitilar waya tana kwafe littafin rubutun lissafi na wata ƙawarta da ke ajin farko na lise, tana yin aikin gidan da ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda zai duba mata. Kin san al'adarmu a kan ɗan fari, ko sunanta ba na kamawa, balle a ga na zaunar da ita ina lallashi, ko na tsaya mata a gaban surukata. Sai na sa ƙanwata ta ja ta da hira. Abin da ta gaya mata shi ne ba Ingilishin take ƙi ba, tana son sa, tana kuma son ta faranta wa babanta. Abin da take tsoro shi ne ta koma mai zama a bencin ƙarshe, wadda in malami ya yi tambaya take addu'ar kada ya nuna ta.

Ni a nawa ganin, ta koma lise a watan Oktoba mai zuwa. Mushen ya ci gaba da zuwa da yamma, amma a rage haddar ƙa'idoji a ƙara hira da sauraro. In an yi babban hutu ta je gidan baffanta ta shiga darasin hutu tare da 'ya'yansa. In ta samu BAC, ga ta da shekaru da hankali da takarda a hannu, sai ta nemi jami'ar da ake koyarwa da Ingilishi, ko a Najeriya ko a nan, tunda tun 2013 akwai Jami'ar Maryam Abacha a garin nan, wadda 'yan Najeriya da kansu suke tsallakowa su yi karatu a cikinta. Na gwada kawo masa wannan magana cikin ladabi. Ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ta kai shekara 19 ko 20 harshe ya riga ya bushe. Ya ce kuɗin da aka kashe bana fa, da shekarar da ta zauna? Kuma na fahimci abin da ya fi yi masa nauyi shi ne magana ta riga ta fita, ya gaya wa ƙanensa da abokansa na kasuwa, janyewa yanzu kamar kasawa ce a idonsa. Maganarsa ta farko tana da ƙamshin gaskiya, ni ma na san yaro ya fi babba saurin kama lafazi, shi ya sa nake kokwanton kaina. Kada tausayin uwa ya sa in tare wa ɗiyata ƙofar da ubanta yake ƙoƙarin buɗe mata.

Hajiya, ki taimake ni da abin da kika gani. A Najeriya cikin Satumba ake komawa makaranta, kuma an ce mu ba da amsa kafin lokacin don a riƙe mata gurbi. Shin yarinyar da take rubuta Ingilishi amma ba ta iya furta shi a gaban mutane ta isa a tura ta makarantar kwana, a bar zama cikinsu ya buɗe mata baki, ko kuwa hakan zai ƙara rufe shi ne? In kin ga hanyata ta fi, ta yaya zan shawo kan maigidana ba tare da ya ji na raina ƙoƙarinsa ba, kuma wa ya dace in sa a tsakani, yayansa ko limamin unguwarmu da yake jin maganarsa? Ina kuma roƙon iyayen da suka taɓa cire yaro daga karatun Faransanci bayan BEPC suka kai shi Najeriya, da su kansu yaran da suka bi wannan hanya, su kira cikin shirin su faɗi yadda ta kasance musu, mai daɗi da marar daɗi. Zan yi ƙoƙari ranar ya kasance yana gida mu saurara tare.

Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara basira.

Taki mai sauraro,
Wata uwa daga unguwar Zariya, Maradi