Zuwa Ga Aminina a Kumasi

Assalamu alaikum Alhaji,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da mutanen Zango baki ɗaya. Mu ma nan Kano lafiya lau, sai godiya.

Na karanta saƙonka, na ga har yau takaicin 2019 kan batun zaɓen shugabannin gundumomin Ghana bai sake ka ba. An sa muku 17 ga Disamba ranar ƙuri'ar raba gardama, watan na kamawa Shugaba Akufo-Addo ya janye, wai kan ƙasa bai haɗu ba. Ga shi har gobe shugaban ƙasa ke naɗa muku DCE, wato shugaban gunduma, majalisar gunduma ta sa albarka da kashi biyu bisa uku. Gaskiyarka, da an bar jama'a sun faɗi ra'ayinsu. Sai dai ka tuna, tambayar da aka shirya muku ita ce ko jam'iyyu su shiga zaɓen gunduma. Zaɓen DCE kansa, majalisar dokoki na iya gyara shi ba sai an kira ku rumfa ba. Haɗa su aka yi, aka binne tare.

Inda muka rabu da kai shi ne da ka ce mu mun huta. Alhaji, wane hutu? Sashe na 7 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 zaɓe ya ce a yi a ƙananan hukumomi, amma shekara da shekaru gwamnoni na ɗora mana kantomomi da kwamitocin riƙo. Sai 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta haramta, ta ce kuɗin ƙananan hukumomi 774 a tura musu kai tsaye. Nan take jihohi suka hau rige-rigen shirya zaɓe. A watan Oktoba NNPP ta kwashe kujerun ciyaman 44 na Kano, APC ta kwashe 23 na Kaduna, ko ɗaya ba a bar wa adawa ta ɗanɗana ba. Ina mamakin? Gwamna ke naɗa hukumar zaɓen jiha, shi ke ba ta kuɗi.

Ranar namu zaɓen na leƙa rumfarmu da hantsi. Tebur ɗaya a gindin darbejiya, akwati a kai, yara na ƙwallo a tsakiyar titi tunda an hana motoci fita. Layin mai ƙosai ya fi na masu ƙuri'a tsawo.

Kar ka ɗauka naɗi nake goyon baya. Ciyaman ɗin da ya zo roƙon ƙuri'a, ko da wasa ne, ka san ƙofar gidansa, kana iya tare shi a wajen ɗaurin aure ka yi masa maganar kwatar unguwa. Kantoma kuwa wanda ya aiko shi kaɗai yake saurare. Ku kuma kun fi mu da abu ɗaya: hukumar zaɓe ta ƙasa ce ke gudanar da na gundumominku. Idan maganar ta sake tasowa, ku riƙe wannan gam, kar ku yarda a sauya mai ƙirga.

Ka gaida Hajiya da yara. In an samu mai tahowa, kar a manta da goron nan.

Wassalam,
Amininka