Maganar ƙotar bindigarka

Birnin Kebbi, daren Juma'a

Mutumina, assalamu alaikum. Ya iyali, ya sanyin Amurka? Nan ma hunturu ya shigo da ƙarfinsa, leɓe duk ya tsattsage, hazo kuwa ko gadar Dukku ba ka hangowa da safe.

Na ga hotunan da ka turo a WhatsApp, wato har yanzu ba ka daina kwaɗayin daji ba, ka je ƙasar mutane ka yanki lasisi kana bin barewarsu. To madalla. Ka ce ƙotar da ta zo da bindigarka Remington 700 ba ta yi maka ba, kana tunanin ko ta katakon Boyds mai launi-launi ko ta robar Magpul, kuma wai in ba ka shawara, ni da duk ilimina bai wuce bindigar Baba Baikal mai baki ɗaya ba. Amma bari in ba ka labarin abin da ya same ni bara sai ka ɗauki naka a ciki.

Ka tuna ƙotar bindigar Baba ta daɗe da tsagewa a wuya, inda hannu ke riƙewa, Baba ya naɗe wurin da wayar keke. To bara ta ƙarasa. Na kai ta wurin wani tsohon masassaƙi a Argungu, ya zube mini icce uku a ƙasa, kirya da maɗaci da madobiya, ya ce kirya ko jikana ba zai ga ƙarshenta ba amma in na yini da ita a fadama kafaɗata za ta gaya mini, maɗaci ya fi sauƙin ɗauka, madobiya kuma ga kyau ga ƙarfi sai tsada, tunda an sare ta kamar hauka ana lodawa Chana. Ni da son a sani, madobiya na zaɓa. Abin da ya burge ni da tsohon, sai da ya juya iccen ya fi sau goma yana bin jijiyarsa da farce, ya ce dole jijiya ta bi tsawon wuyan ƙota, in ta gitta nan za ta sake karyewa.

Sati biyu na karɓo abu ja wur yana sheƙi, kowa ya gani sai ya shafa. Ranar farko a fadama dinya ta tashi gabana kamar an aiko ta, na ɗaga, gindin ya maƙale a rigata ƙarƙashin hammata, kafin in gyara ta yi nisa, na harba a banza, kuma bindigar ta naushe ni a damtse, kwana huɗu ko ɗaga hannu a kabbara da ƙyar. Yaran da ke kiwo can gefe har da riƙe ciki. Ashe da tsohuwar ƙota ya auna, Baba kuwa ka san shi dogo ne, ni a wuyansa na tsaya. Na koma, ya sa na ɗora gindin a lanƙwasar gwiwar hannuna, yatsana ko kusa bai kai kunama ba. Ya rage kamar faɗin yatsa biyu, ya manna mini robar tsohon silifas a gindin. Tun ranar ta zama tawa.

To kai ma hakan ne, kada kyau ya ja ka. Yawancin ƙotocinsu na can tsawon daga kunama zuwa gindi wajen inci 13 da rabi ne, kai kuma gajere ne kamar ni, ga rigunan sanyi uku da kake jibgawa, duk suna ƙara tsawo. Shi ya sa na fi karkata ga Magpul Hunter ɗin, ana ƙara mata tsawo a rage, wurin ɗora kunci ma ana ɗagawa, tunda da madubin hangen nesa kake harbi, in kuncinka na lilo a iska idonka ba zai zauna wuri ɗaya ba. Kuma katako yana shan laima ya kumbura ya taɓa bututu, saitin da ka yi da rani ya kauce da damina, duk da irin na Boyds ɗin da aka liƙa falle-falle bai cika haka ba. Kowacce ka saya, ka duba gajeren aksho ne taka ko dogo, wato sashen ƙarfen da ake loda harsashi, kafin ka biya, in ka ɗaura ka zura takardar dala ɗaya tsakanin bututu da ƙota, ta wuce sumul ba ta maƙale ba.

Batun ka aiko mini da guda kuwa, don Allah rufa mini asiri. Kayan bindiga ba sa shigowa sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, a wannan zamanin kuma ka san yadda ake kallon mutum. Ni kaina yanzu lasisin Baba na ninke a jaka, ba na fita da bindigar, sai dai in ɗauko in shafa mata mai in mayar. Wajen Zuru da muke zuwa da, ko a mafarki.

In dai aike kake ji, takalmin fadama nake so, lamba 42. Inna na gaishe ka, ta ce yaushe za ka kawo mata jikokinta ta gani.

Naka,
abokin yawon dajinka