Dan Allah a buɗe mana fili kan koyar da yara karatu a gida

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ni mai sauraron tasharku ne kullum daga Tudun Wada Kaduna, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ya sa na ce bari in rubuto. Kwanakin baya na zaunar da 'yata da ke aji huɗu na firamare na ce ta karanta mini feji ɗaya a littafinta na Turanci, wallahi ta zubo shi tiryan-tiryan ba gargada har ina murna a raina, da ta gama na ce to Mamana gaya mini da Hausa me labarin ya ce, sai yarinya ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta, ko uffan. Ashe hadda ce kawai. Ranar ban yi barcin kirki ba, don kuɗin makaranta ina biya na lesin ma ina biya.

Mu mutanen Kaduna ba mu manta da 2017 ba, lokacin da gwamnatin El-Rufai ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kawo maki 75 cikin 100. An sha surutu a kan malamai, amma mu iyaye fa, wa ya taɓa nuna mana abin da za mu yi a gida?

Abin da muka soma ni da uwarta ba wani abu mai tsada ba ne. Bayan Isha'i uwar takan yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, sai ta tsaya a tsakiya ta ce me kuke gani Gizo zai yi yanzu, me ya sa ya yi ƙarya, washegari kuma yarinyar ta rubuta labarin da kanta ko layi biyar ne, ba ma tsawa in ta yi kuskure. Cefane ma ita ke rubutawa yanzu, tumatur, attarugu, manja, daddawa, ta tafi da takardar wurin mai kayan miya. A nan muka gano ba ta san bambancin kafa da ƙafa ba a rubuce, ko bari da ɓari, muka zauna muka gyara. In mun hau keke napep zuwa Kawo allunan shaguna take karanta mini a hanya, in ce to me ake sayarwa a nan. Uwar nan fa ko sakandare ba ta gama ba, amma ita ta fi ni iya jan yarinyar da tambaya, kuma da Hausa muka fara kafin Turancin ya soma zama.

Roƙona shi ne ku ware mana ko minti 15 a sati, ku gayyato malaman firamare masu ƙwarewa su nuna wa iyaye a aikace yadda ake zama da yaro da littafi, da irin tambayar da ake masa, da yadda za a daina yi masa aikin gida a ba shi ya kwafa, don wannan ɗabi'ar ta yi yawa a unguwanninmu. A sa shi da hantsi lokacin da mata ke aiki rediyo na kunne a tsakar gida, a maimaita da dare saboda mu da ke kasuwa, a kuma buɗe layin waya don masu tambaya.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku mai sauraro,
wani uba daga Tudun Wada, Kaduna