Wasiƙar Godiya ga Malaman Ajin Turanci na Manya da ke Titin Bauchi, Jos

Zuwa ga Shugaba da ɗaukacin malaman cibiyar koyar da manya Turanci da ke Titin Bauchi, cikin garin Jos.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, na zaɓi in rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a, domin alherin da aka yi wa mutum a gaban mutane bai kamata a gode masa a bayan ɗaki ba. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, ni kuwa ba ni da wani tukuici da zai kama ƙafar abin da na samu a wurinku cikin wata 9 da na yi ina zama a kan bencinku tsakanin La'asar da Magariba.

Ni ɗan kasuwar kayan gwari ne a Farin Gada, kuma na haura shekara 20 ina wannan sana'a. Na yi karatun allo har na sauke, na kuma taɓa littattafai a zaure, amma boko a aji 4 na firamare na tsaya. Wannan bai taɓa hana ni ciniki a Jos ba, saboda manomin da ya kawo dankalin turawa daga Bokkos ko Mangu, da matar da ta zo sari daga Bukuru, da Bayarabe ko Inyamurin da aka haifa a nan, dukkansu da Hausa muke daidaitawa. Damuwa ta fara ne lokacin da kayana suka soma tafiya otal-otal na Abuja da kasuwar Mile 12 ta Legas, inda ake turo odar kaya a rubuce ta WhatsApp, da Turanci. Sai na koma hannun ɗan kamasho, shi zai karanta, shi zai amsa, shi zai faɗa mini abin da ya ga dama. Wata rana aka rubuto ana son tumatir a cikin akwatunan roba, wanda ya karanta mini ya ce kwanduna, na loda kwanduna, kaya suka isa rabi a farfashe, mai saye ya ƙi karɓa. Kalma ɗaya ce tak ta jawo mini wannan asara, kuma kalmar nan sunan abu ce.

Kafin in zo wurinku na taɓa gwada wani aji a wani wuri, inda aka tare mu da jadawalin lokutan aikatau tun ranar farko, aka cika allo da layuka, na yi mako 3 na tattara littafina na koma rumfa. Saboda haka da rabin zuciya na shigo ajinku. Abin da Malam ya fara yi shi ne ya ce kowa ya zazzage aljihunsa a kan tebur. Aka ga makulli, da waya, da biro, da carbi, da goro, da tsohon rasit. Ya riƙa ɗaga kowanne yana faɗin sunansa da Turanci, muna maimaitawa, yana rubutawa a allo. Da za a tashi ya ba mu aikin gida: kowa ya rubuto da Hausa abubuwa 10 da hannunsa ke taɓawa kullum a wurin neman abincinsa. Washegari tela ya zo da almakashi da zare da allura, makaniki ya zo da sifana da taya da birki, ni kuma na zo da kwando da buhu da sikeli da wuƙa. Ta haka kowa ya fara gina nasa rumbun kalmomi daga sana'arsa, ba daga wani jeri da aka tsara domin yaran makaranta ba.

Hujjar da Malam ya ba mu ta zauna mini. Ya ce wanda ya san sunan abu ya riga ya yi rabin magana, domin idan ka shiga kanti ka ambaci sunan abin da kake so da adadinsa, za a fahimce ka ko da jimlarka ta karye, amma idan ka iya jera aikatau ba ka san sunan abin ba, sai dai ka koma nuni da yatsa. Duk wanda ya yi renon yaro ya san da sunaye yake fara buɗe baki.

Darasin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne ranar da aka nuna mana cewa mun daɗe muna furta Turanci ba mu sani ba. Malama ta rubuta kabeji, latas, tumatir, bokiti, tebur, buroshi, asibiti, direba, tikiti, fasinja, sannan ta rubuta asalin kowanne a gefensa: cabbage, lettuce, tomato, bucket, table, brush, hospital, driver, ticket, passenger. Ta bayyana mana cewa harshen Bahaushe ba ya son baƙaƙe su cunkushe ba wasali a tsakaninsu, shi ya sa brush ya zama buroshi, kuma galibin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, shi ya sa bucket ya zama bokiti. Har ta ja hankalina ga karas, wanda nake sayarwa buhu-buhu, ta ce in lura da harafin ƙarshe, domin jam'in Turanci muka ara gaba ɗaya, wato carrots, muka mayar da shi sunan ko da guda ɗaya. A wannan yammacin kaɗai na ƙirga kalmomi sama da 40 da na riga na mallaka, sai gyaran lafazi da rubutu kawai suka rage.

Maganar jam'i kuma ta zo mana da sauƙin da ban zata ba. Malam ya tambaye mu jam'in gida, muka ce gidaje, jirgi, jirage, kare, karnuka, littafi, littattafai, mutum, mutane. Ya ce to, wanda ya riƙe waɗannan hanyoyi duka a kansa ba tare da ya taɓa zama an koya masa ba, me zai ba shi tsoro a harshen da yawancin sunayensa harafi ɗaya ake liƙa musu a ƙarshe? Daga nan ya ware 'yan tsirarun da suka bauɗe, irin su man da men, child da children, foot da feet, da sheep wadda ba ta canzawa ko tunkiya ɗaya ce ko garke. Ni nawa rabon ya faɗo a kan tomatoes da potatoes, waɗanda ke ɗaukar haruffa biyu, da leaf da knife, waɗanda ke komawa leaves da knives. Haka kuma ya sauke mana nauyin jinsi, ya ce a Hausa rana mace ce, wata namiji ne, mota mace, jirgi namiji, amma a Turanci duk abin da ba shi da rai wakilin suna ɗaya ya ishe shi.

Inda muka sha wuya, kuma inda na ga haƙurinku, shi ne sunayen da Bature ya ce ba a ƙirga su. An ce mana rice da water da salt ba sa ɗaukar jam'i, muka yarda, tunda mu ma mudu da jarka muke aunawa. Amma da aka ce money ma yana cikinsu, wani dattijo mai canji ya ajiye biro ya ce shi tun safe aikinsa ke nan, ƙirga su. Aji ya ɗauki dariya, Malam bai katse ba, sai da aka lafa ya ce abin da ake ƙirgawa naira ce da kwabo, ba kalmar kanta ba. Ya ƙara mana da wani abin da ban sani ba a harshena, cewa kalmar kuɗi a asalinta jam'in wuri ce, tun zamanin da wuri, wato ɗan farin ƙoƙon nan na dodon koɗin teku, shi ne kuɗin ciniki. Har yau ina tuntuɓe a kan advice da information da luggage, bakina na so ya ƙara musu harafin jam'i, kuma ba na jin zan rabu da wannan nan kusa. Abin da ya amfane ni kai tsaye shi ne koyon sunayen ma'auni, yadda zan ce buhu kaza na dankali, akwati kaza na tumatir, kilo kaza na koren wake, domin a nan ne kuɗina suke shiga ko su zube.

Dole in ambaci gwangwanaye uku. An sa kowa ya nemo gwangwanin madara guda 3, ya yanka kwali ƙanana, Turanci a fuska ɗaya, Hausa a ɗayar. Sabuwar kalma tana shiga gwangwani na farko, wanda ake dubawa kullum. Idan ka tuna ta, ta wuce na biyu, wanda ake dubawa bayan kwana 3, daga nan sai na uku, na mako-mako. Ranar da ta kuɓuce maka kuwa, ta koma na farko komai nisan da ta yi. Malam ya ce dabarar wani Bajamushe ce mai suna Leitner, wanda ya bayyana ta a 1972, amma ni da na ji tsarin sai na tuna da tilawa da muraja'ar makarantar allo, inda ba a barin tsohon karatu ya kwana da yawa ba a waiwaye shi ba. Gwangwanayena suna ƙarƙashin teburin rumfa, kuma da sanyin safiyar Jos, kafin motocin kaya su iso, nakan zazzage na farko in bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba a taɓa ba mu fiye da kalma 8 a zama ɗaya ba, kuma kowace sai an sa ta cikin gajeriyar jimla tare da ɗaya daga ƙananan kalmomin Turanci da ke zuwa kafin suna, wato a ko an ko the, domin kada mu haddace ta tsirara.

Akwai kuma abin da ba ya cikin manhaja, wanda a ganina shi ya riƙe yawancinmu. Mu manya ne, wasu da furfura, wasu da jikoki, kuma babba ya fi tsoron dariya a kan tsoron jahilci. Da na kasa raba pan da fan, saboda harshenmu bai bambanta waɗannan sautuka biyu ba, Malama ba ta sa ni maimaitawa a gaban aji ba. Ta ba kowa guntun takarda ya riƙe a gaban leɓensa, ta ce sautin da ya fito da bugun iska ya kaɗa takardar shi ne na farko, muka yi ta hurawa gaba ɗaya har kunya ta fita. Ana tsayar da darasi idan an kira salla, kuma abokan karatunmu Kirista, waɗanda muke zama benci ɗaya da su, ba a sa musu aji ranar Lahadi. A garin da ya ga abin da Jos ta gani, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu ina karanta odar kaya da kaina. Na san bambancin invoice, wato takardar neman biya, da receipt, wato rasit, na san deposit shi ne kafin alƙalami, balance ciko, discount rangwame. A watan jiya jami'in sayayya na wani otal a Abuja ya turo jerin kaya 14, na karanta 13 ba tare da na tambayi kowa ba, ɗayar kuma na duba ƙamus na samu, na rubuta mata kwali ta shiga gwangwani na farko. Jimlolina har yanzu gajeru ne, kuma idan Bature ya yi sauri a waya ina rasa shi, amma ba wanda ke tsayawa tsakanina da mai sayen kayana.

Ina da roƙo guda, ranka ya daɗe Shugaba. Matan da ke kasa kaya a Farin Gada da Terminus da yawa sun tambaye ni, amma lokacin yamma lokacin girki ne a wurinsu. Idan da hali a buɗe musu aji na hantsi, ko da sau biyu a mako, na yi alkawarin kawo mutum 6 daga layinmu, kuma ni zan ɗauki nauyin kwali da gwangwanayensu.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya albarkaci zuriyarku, Ya ƙara wa cibiyar nan ɗaukaka.

Wassalam.

Naku ɗalibi,
Wani ɗan kasuwar kayan gwari,
Farin Gada, Jos.