Zuwa ga mutumina, a kan ɗan kan jirgin nan na Minna

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Shirun ya yi yawa, har ango yana cewa wai ko sanyin can ne ya daskarar maka da yatsu. Na ce a'a, rowar kati ce irin ta da.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da aka ce ka yi a wurin walima, wai jirgin ƙasa na farko a Arewa shi ne wanda ya shiga Kano a 1911. Haba malam! Shekara goma kafin nan akwai jirgi yana tafiya tsakanin Wushishi da Zungeru. A 1901 aka shimfiɗa layin, mil 12, don Gwamna Lugga yana mayar da hedikwatarsa Zungeru, kayan gini kuwa ta kogin Kaduna suke zuwa. Da aka ga jiragen ruwa ba sa iya kai wa Wushishi in ruwa ya ja, sai aka ƙara mil 10 zuwa Barijuko a 1902. Kamfanin Hunslet na birnin Leeds a Ingila ne ya ƙera kawunan da ke jan jirgin, kuma ɗaya daga cikinsu ne aka girke a tashar Minna.

Faɗin layin ƙafa 2 da inci 6 ne, na Baro zuwa Kano kuwa ƙafa 3 da inci 6. Lissafin kuɗi ne kawai ya sa aka yi shi siriri: ƙarfe marar nauyi, kwana mai tsanani ba sai an fasa dutse ba, ƙananan gadoji. In ka leƙa ƙarƙashin kan, ƙafafu shida ne aka haɗa da sandar ƙarfe, su ke ja, sai biyu ƙanana a baya masu ɗaukar nauyin ɗakin direba da makamashi. Tankunan ruwansa a gefen tukunya suke, ba ya jan taragon ruwa. Amfanin haka biyu ne. Yana tafiya gaba da baya ba sai an juya shi ba, sannan nauyin ruwan yana danne ƙafafun su kama dogo. Illar ita ce ruwan ba yawa, kuma yana raguwa kamun yana raguwa, sai ka ji ƙafafu na juyawa a banza a kan hawa. Shi ya sa ake ɗaukar busasshen yashi ana zuba wa dogo.

Af, kafin in manta, ƙanen naka ya sake fasa sayar da gonar. Kowa ya gaji, har Hajiya ta ce kada a ƙara kawo mata maganar.

To, wahalar gaske a ruwa take. Wuta na cikin murhu, zafinta na bi ta ƙananan bututu da suka ratsa tukunya, ruwa ya tafasa, tururi ya tura fistin. Dole ruwa ya rufe rufin murhun a kowane lokaci. In ya yi ƙasa, rufin ya yi ja ya yi laushi, tukunya ta fashe. Saboda haka ake ɗaura wani toshi mai dalma a rufin, wanda zai narke ya saki tururi cikin wuta tun abin bai kai can ba. Mai zuba wuta idonsa na kan gilashin awon ruwa, amma gilashin ma yana ruɗi a kan gangara, don ruwan ya kwarara gefe guda. Ruwan kogi da damina kuwa laka ce zalla. Tana kwanciya a jikin bututu kamar ƙanzo a gindin tukunyar tuwo, zafi ya kasa ratsawa, bututu ya ƙone ya fara yoyo. Maganinta a kashe wuta, a bari ƙarfe ya huce da kansa, a kwance marufan ramukan wanke tukunya a kore lakar. Wanda ya yi gaggawa ya ɗura ruwan sanyi a tukunya mai zafi, shi ya tsaga ta. Ga kuma na'urar da ke cusa ruwa cikin tukunya da ƙarfin tururi: ruwan sanyi take so, in rana ta gasa tankunan sai ta yi gardama.

Da layin Legas ya iso Zungeru, aikin ɗan jirgin ya ƙare, aka kwashe ƙarafa da kawuna aka kai su layin kuza da ya tashi daga Zariya, ya bi ta Rahama da Jos, ya kai Bukuru a 1914, mil 143. Da sunan Bauchi ake kiransa, amma bai taɓa shiga garinku ba, sai ka daina bugun ƙirji. A nan arahar ta zama tsada, don duk buhun kuza sai an sauke shi a Zariya an sake lodawa a babban jirgi. Da babban layi ya shiga Jos ta Kafanchan a 1927, ƙaramin ya rasa cinikinsa, ya yi ta jan ƙafa har aka rufe shi a 1957.

Abin da ke damuna shi ne irin waɗannan kawuna da ake ajiyewa a fili. Fenti daga waje ba ya hana komai, daga ciki suke ruɓewa. Ruwan sama na shiga ta bututun hayaƙi ya tarar da tsohuwar toka, su haɗu su ci ƙarfe. Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba: murfi a bakin bututun, a kwashe toka, a huda ƙasan tankuna ruwa ya riƙa fita, a shafa giris a sanduna, a yi rumfar kwano. Amma kada kowa ya ɓamɓare rigar tukunya da hannu, don abin da aka naɗe ta da shi yana iya zama asbestos, ƙurarsa na lalata huhu.

Ango na gaishe ka, ya ce bashinsa na nan. Ka turo hoton jaririyar, an ce hancinka ta ɗauko, Allah Ya ba ta haƙuri. A gaida mutanen gida.

Naka har kullum.