Wasiƙa daga Christchurch zuwa Gidan Igwai

12 ga Mayu, 2019

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ina yi muku barka da shan ruwa. Ya zafin Sakkwato? Mu nan sanyi ke shigowa, yini kuma gajere ne, kafin biyar da rabi mun sha ruwa.

Baba ya ce in rubuto yadda harin da aka kai masallatan Christchurch, nan New Zealand, ya faru, tunda a waya Inna ba ta bari in kai ƙarshen magana sai kuka.

Ranar Juma'a 15 ga Maris, biyu saura ashirin, liman na kan mumbari, wani mutum ya shiga masallacin Al Noor da bindiga, daga nan ya wuce na Linwood. An rasa mutum 51, na ƙarshensu a asibiti ya cika farkon watan nan. Allah ya jiƙansu. Ni malamina ne ya tsare ni kan aikin bincikena, ina ta duban agogo, sai aka rufe ƙofofin makaranta aka ce kada kowa ya fita. Muna ciki har wajen shida na yamma.

Lokacin mun riga ku da awa 12, ke nan kuna barci. A cikin awannin nan wata mata ta neme ni. Ma'aikaciyar jinya ce a Auckland, Kirista, 'yar ƙabilar Ibo, ban taɓa ganin fuskarta ba. A zauren WhatsApp na 'yan Najeriya mazauna New Zealand ta jera sunayen duk waɗanda ke garin nan, wanda ya amsa ta sa masa alama. Wayata na cikin jaka ban amsa ba, ta yi ta kira. Da na ɗaga, ta tambayi sunana don ta tabbatar, ta ce "mun gode Allah", ta kashe ta koma kan na gaba. Inna, ki sa ta a addu'a.

Abokan karatuna na Jami'ar Danfodiyo kuwa, kafin gari ya waye muku sun raba izu sittin a tsakaninsu, wani na Kano, wani na Jidda, wani na Malesiya, suka sauke wa mamatan. Har da wanda rabona da shi tun bautar ƙasa.

Daga baya na ji abin da Yaya ya yi, yadda ya hau babur daga Mabera tun kafin kiran assalatu, ya zauna a zaure yana jira Baba ya fito, don kada ku fara ji a rediyo. Na kuma ji Gwaggo ta soya ƙosai ta raba wa almajirai. Ku yi mini godiya a wurinsu, bakina ya kasa.

Mutanen ƙasar nan sun yi halin girma. Juma'ar da ta biyo, a filin Hagley muka yi salla, aka sa kiran salla a rediyo da talabijin na ƙasa, firaminista Jacinda Ardern ta zo da ɗankwali a kanta. Wata bai cika ba suka haramta irin bindigogin da ya yi amfani da su.

Roƙo ɗaya nake da shi. Mutumin kai tsaye ya watsa abin da ya yi a Facebook, kuma na ga bidiyon ya shigo har zauren danginmu. Baba, ku yi wa yara magana su goge. A nan laifi ne a same shi a wayar mutum. Waɗanda ke faɗuwa a ciki sahu ɗaya nake tsayawa da su, akwai dattijon da kullum yake matsa mini wuri a gefensa.

Maganar in dawo gida, Inna ki yi haƙuri. Shekara ɗaya ta rage mini a karatu, masallacin an sake buɗe shi, can nake tarawihi. Ni ma labarin 'yan bindiga a Rabah da Isa na hana ni barci, ku riƙa gaya mini gaskiyar abin da ake ciki.

Na tura wa Yaya kuɗin gero da sukari. Kilishin da Inna ke son aikowa a bari, ba sa barin nama ya wuce filin jirgi. A gaida Gwaggo, da su Auta, da liman.

Ɗanku mai neman albarkarku.